RA'AYI: “Alhamdulillahi” ba alƙaluma ba ce: yadda muke auna gamsuwar masu zuwa gashin ciwon daji

Shekarun baya na yi makonni ina raka gwaggona sashen gashin ciwon daji na wani asibitin gwamnati. Sankarar bakin mahaifa ce ta kama ta, likitoci suka yanka mata zuwa 25, kullum daga Litinin zuwa Juma'a. Ba a kwantar da ita ba, daga gida muke zuwa mu koma gida. Wata rana mun iso tun da sanyin safiya, layi bai zo kanmu ba har aka kira Azahar, sai ga wata budurwa sanye da farar riga ta durƙusa gabanta riƙe da takarda da biro. Ta gaishe ta cikin ladabi, sannan ta ce, “Mama, kin gamsu da irin kulawar da ake ba ki a nan?” Gwaggo ta gyara mayafinta ta ce, “Alhamdulillahi 'yata, suna iyakar ƙoƙarinsu. Allah ya saka musu da alheri.” A kan idona yarinyar ta kai biro akwatin ƙarshe, wanda ke nufin cikakkiyar gamsuwa, ta yi maki, ta matsa wurin ta gaba.

Kafin wannan rana na'urar ta tsaya kwana tara. Ba wanda ya kira mu a waya. Sai da muka biya kuɗin mota muka zo, muka tarar da sanarwa manne a ƙofa da Turancin da gwaggo ba ta karantawa. Kuma a ranar da ta yi wannan godiya, muna hanyar komawa gida, ta sunkuyar da kai ta raɗa wa 'yarta cewa ta kwana biyar tana fama da gudawa da zafin fitsari. Ba ta faɗa wa likita ba saboda kunya, kuma a zatonta cutar ce ke ƙara cin ta. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa waɗannan sanannun illolin gashin mara ne, kuma akwai abin da ake bayarwa su yi sauƙi.

Ban san inda takardar nan ta ƙare ba, amma na san irin jimlar da ake fitarwa daga ire-irenta, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta ta a rahoton ƙarshen shekara: kaso mai yawa na majinyata sun bayyana gamsuwarsu. Jimlar ba ƙarya ba ce. Illarta ita ce ba ta gaya wa babban sakatare ko minista komai game da abin da ya kamata ya gyara.

Maganar ta zo a kan gaɓa. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna kusan mutum dubu 128 ne suka kamu da cutar a Najeriya a shekara guda, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Masana sun yi ittifaƙi cewa kimanin rabin masu ciwon daji za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu. Bayan shekaru ana kukan ƙarancin na'urori, an fara ganin motsi. An buɗe cibiyar haɗin gwiwar hukumar NSIA da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2019. Cibiyar NICRAT, wadda aka yi dokar kafa ta a 2017, ta fara aiki a 2023. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin samar da cibiyoyin ciwon daji a asibitocin koyarwa shida, a 2025 kuma aka ƙaddamar da na Katsina da Inugu da Benin. Nan gaba kaɗan za a fara tambayar ko kuɗin da aka zuba ya yi amfani. Idan ma'aunin da za a ɗauko shi ne hoton yanke kyalle da kason waɗanda suka ce sun gamsu, to mun shirya yaudarar kanmu da hannunmu.

A fara da wanda ake tambaya. Mutumin da ya taso cikin tarbiyyar da ke ɗaukar ƙorafi a gaban mai taimakonka a matsayin butulci ba zai dubi ma'aikaciyar asibiti ya ce mata aikinsu bai yi ba. Bahaushe ko a gadon ajali yake, ka tambaye shi jiki, “da sauƙi” zai ce. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a zaman tare, ba na kuma fatan mu rabu da ita, sai dai takardar tambayoyi ba ta san ladabi ba, duk abin da aka faɗa shi take ƙirgawa. Ga kuma tsoro. Mai ciwon da gobe da safe zai sake kwanciya a ƙarƙashin na'urar nan, a hannun mutanen nan, yana da dalilin yin taka-tsantsan da bakinsa, musamman idan mai tambayar sanye take da rigar asibitin, kuma a cikin sashen ake tambayar. Sannan akwai abin da ya sa rai da shi tun farko. Wanda ya yi wata huɗu yana jiran a kira shi, ya ga waɗanda suka fara jira tare sun riga mu gidan gaskiya, ranar da ya samu shiga ɗakin gashi ba zai tsaya lissafin awa shida da ya yi a kan benci ba. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gamsuwa tazara ce tsakanin abin da mutum ya zata da abin da ya samu, kuma mun daɗe muna koya wa talaka ya rage zato.

Wannan ba cutar Najeriya kaɗai ba ce. Masu nazarin harkar lafiya a ƙasashe da dama sun daɗe da lura cewa duk inda aka yi wa majinyata tambayar gamsuwa a dunƙule, amsar takan fito da kyau, ko da kuwa mutanen nan suna da labarai marasa daɗi idan aka zauna da su. Shi ya sa binciken da ake yi wa masu ciwon daji a Ingila tun daga 2010 ya fi karkata ga abin da ya faru da mutum: ko an yi masa bayanin illolin magani ta yadda ya fahimta, ko an ba shi sunan ma'aikacin jinyar da zai tuntuɓa idan wani abu ya taso. Irin waɗannan tambayoyi ba sa neman mutum ya yanke wa kowa hukunci. Gwaggona da ba za ta taɓa cewa “ban gamsu ba” za ta iya cewa “a'a, ba a gaya mini ba,” ba tare da ta ji ta ci amanar kowa ba.

Sai kuma wanda ba a tambaya ba, kuma a ganina nan ne babban ramin yake. Takardar gamsuwa a ɗakin jira ake raba ta, don haka waɗanda suka iso ɗakin jira kawai take samu. Matar da aka rubuta wa gashi ta ji kuɗin ta koma ƙauye ba ta cikin lissafi. Dattijon da ya yi zuwa goma sha biyu, kuɗin masauki ya ƙare, ya tattara ya tafi da niyyar dawowa bayan girbi, shi ma ba ya ciki. Haka wanda ya gaji da zuwa yana tarar da na'ura a tsaye ya koma wurin mai maganin gargajiya. Mutanen da tsarin ya fi cuta su ne ainihin waɗanda ba za a taɓa jin ta bakinsu ba. Sashen da rabin majinyatansa suka watse a hanya zai iya fitar da sakamakon gamsuwa mai ƙyalli fiye da sashen da ya yi ta fama ya riƙe kowa har ƙarshe, saboda na biyun yana ɗauke da gajiyayyu da fusatattu a kan bencinsa.

Domin a gane nauyin wannan watsewa, sai an san yadda gashi yake aiki. Ba a ba da shi gaba ɗaya. Likita yakan ƙayyade adadin hasken da ƙarin ke buƙata, a raba shi ƙanana-ƙanana, a riƙa bayarwa kullum, domin lafiyayyen naman da ke kewaye ya samu sararin farfaɗowa tsakanin zuwa da zuwa. Kafin a fara sai an ɗauki hoton jiki, an yi alamomi a fata, an tsara ta inda hasken zai bi, aikin da likita da masanin kimiyyar haske da masu sarrafa na'ura suke yi tare. Kwanciyar kanta 'yan mintoci ce, kuma ba a jin zafi a lokacin. To amma ƙwayoyin cutar ba sa hutu. A wasu nau'o'in sankara, musamman ta bakin mahaifa da ta kai da wuya, ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙara saurin hayayyafa bayan an yi makonni ana gashi. Shi ya sa ƙa'idar da aka sani ita ce a kammala gashin sankarar bakin mahaifa, na waje da na ciki, cikin mako takwas. Nazarce-nazarce da dama sun nuna kowace rana da aka ƙara a kan haka tana rage damar shawo kan cutar da kimanin rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya ta shimfiɗa cewa irin waɗannan majinyata bai kamata jinyarsu ta tsawaita fiye da kwana biyu a kan abin da aka tsara ba, idan kuma tsaiko ya auku a rama shi, ko ta mayar da mutum wata na'urar, ko ta yin aiki a ƙarshen mako, ko ta yi masa sau biyu a rana da tazarar aƙalla awa shida.

A ɗora kwana taran gwaggo a kan wannan ma'auni. Ita a wurinta hutu ta samu, har tana cewa jikinta ya ɗan sake. Ba ta da hanyar sanin cewa a kwanakin nan ne aka yi mata asarar da ta fi kowace girma. Majinyaci zai iya gaya maka ko an yi masa tsawa, ko banɗaki na da ruwa, ko an bar shi tsirara ƙofa a buɗe. Ba zai iya gaya maka ko na'urar ta ba da adadin hasken da aka rubuta ba, ko an auna ta da safe kafin a fara aiki, ko tsaikon da aka samu ya taɓa damar warkewarsa. Wannan sashe na inganci ba ya cikin abin da gamsuwa ke iya gani, sai dai a nemo shi a rajistar sashen da littafin injiniya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a daina sauraron majinyata ba, ban kuma ce kyautatawa ƙaramin abu ba ce. Mutumin da ake mutuntawa ya fi dawowa gobe, wanda aka yi wa bayani ya fi jure illar magani, don haka a gashi, inda komai ya rataya a kan mutum ya zo sau 25 ba fashi, kyakkyawar mu'amala ɓangare ce ta magani. Na ga ma'aikatan da ke tsayuwa tun safe har bayan Magariba domin kada a mayar da kowa gida, suna lallashin tsofaffi kamar iyayensu. Godiyar da ake yi musu sun cancance ta. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki godiyar da aka yi wa ma'aikaci a lulluɓe gazawar tsari da ita. Ko takardun tambayoyin da aka tsara musamman domin masu zuwa gashi daga gida, irin wadda ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai ta samar, sun raba tambaya a kan likitoci daban, a kan masu sarrafa na'ura daban, a kan tsarin wurin da lokacin jira daban. Da zarar an narkar da su duka an fitar da kaso ɗaya domin jawabin shugaba, amfanin rabewar ya tafi.

Abin da nake so a riƙa tambaya ba shi da tsada. Kwana nawa ne tsakanin ranar da aka ce kana buƙatar gashi da ranar da aka fara? Sau nawa ka zo aka mayar da kai, kuma an sanar da kai kafin ka baro gida? Ƙarfe nawa aka ce ka zo, ƙarfe nawa ka shiga? Da wane harshe aka yi maka bayani? Wannan ta ƙarshe ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani, kuma gwargwadon iko da harshen da yake fahimta, tare da la'akari da matsayin karatunsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya nanata haka. Akwai matan da suka yi makonni ba sa ɗaukar jikokinsu, suna ware kwanon abincinsu, domin sun ɗauka hasken na nan a jikinsu zai shafi wasu, alhali wanda aka yi wa gashin waje ba ya fita da komai daga ɗakin. Jimla ɗaya da Hausa ko Tibi ko Gwari ta isa ta ɗauke musu wannan ƙunci.

A tambayi kuɗi kuma, ba na asibiti kaɗai ba. Duk wanda ke shigowa aiki daga Mararaba ko Suleja ko Gwagwalada ya san abin da kuɗin mota ya zama tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. A ninka shi sau biyu saboda mai rakiya, a ninka sau 25, a ƙara abinci, a ƙara ranakun da aka zo a banza. Wanda ya taso daga wata jiha kuma sai ya nemi wurin kwana na mako biyar ko shida. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet abin yabo ne, haka ma dokar inshorar lafiya ta 2022, amma mutum na iya samun sassaucin kuɗin gashi ya kuma kasa kammalawa saboda kuɗin zuwa. A nan ilimi ya kawo sauƙi: a sankarar mama an tabbatar zuwa 15 na iya maye gurbin 25, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 2020 ya nuna zuwa biyar cikin mako guda ya wadatar ga wasu majinyatan. Hukuncin wanda ya dace da wannan na likitoci ne, amma mai tsara manufa ya kamata ya san cewa zaɓin yana nan, yana rage wa iyali ɗawainiya, yana kuma buɗe wa wasu gurbi a na'ura.

Wanda zai yi tambayar kada ya zama ma'aikacin sashen, kada kuma a yi ta a bakin ƙofar ɗakin gashi. A bari mutum ya kammala, a kira shi a waya bayan mako biyu ko uku. Mafi muhimmanci, a ɗauko rajista a kira waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba, da waɗanda aka rubuta wa ba su taɓa farawa ba. Wasu kiran 'yan uwa ne za su ɗauka su ce ai ya rasu. Wannan ma amsa ce, a rubuta ta.

Yanzu ga ku da ke riƙe da fayil. An kafa SERVICOM tun 2004 a kan alƙawarin cewa ɗan ƙasa na da haƙƙin a yi masa aiki yadda ya kamata, kuma kusan kowace ma'aikata da babban asibitin tarayya na da teburinta. A wurare da yawa abin ya tsaya a akwatin ƙorafi mai ƙura da allon da ba a karantawa. Ga aikin da zai ba ta rai: kowace cibiyar gashi da ke cin kuɗin gwamnati ta riƙa bayyana, duk wata uku, kwanakin da na'urarta ta yi a tsaye, da tsawon jira kafin a fara, da kason waɗanda suka kammala a cikin wa'adin da likita ya tsara. Waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce a sassan, ba a dai neman su ne daga sama. Hukumar NNRA tana duba lafiyar na'urori ta fuskar kariya daga haske, NICRAT kuma na da hurumin tsara yaƙi da cutar, saboda haka ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma da sabon ofishi da sababbin motoci ba.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kasafin kuɗi ya san dalilin da na'ura ke tsayawa. Sayen sabuwa babban aiki ne, yana da kwangila, yana da biki, yana da allo mai sunan wanda ya ƙaddamar. Yarjejeniyar kula da ita shekara-shekara, da man janareta, da na'urar sanyaya ta, da albashin injiniyan da zai hana shi tafiya Saudiyya, duk suna cikin kuɗin yau da kullum, wanda shi ake fara yanka kuma shi ake jinkirta saki. Na'urar gashi ta zamani ba ta jure wutar da ke rawa, kayan gyaranta kuma daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, su bi ta tashar jiragen ruwa ko ta sama su jira takardun kwastan. Fayil ɗin biyan kamfanin gyara da ya kwana mako biyu a kan tebur yana jiran sa hannu, a ɗaya gefen garin kwanakin jinyar wata mata ne ke zubewa. Mai riƙe da fayil ɗin ba mugu ba ne, bai dai taɓa ganin an haɗa masa lissafin biyu a takarda ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Da yawanmu idan ciwo ya shigo gida ba ma bin layi. Akan kira wani, akan aika kati, mai girma ya sa baki, sai a ga ɗan uwanmu da wuri a kuma yi masa fara'a. Daga nan sai mu koma ofis da yaƙinin cewa wurin na aiki lafiya, rahoton gamsuwa kuma ya zo ya gaskata mu. Gurbin da aka ba namu da ƙarfe tara na wani ne da ya zo tun Asuba daga Nyanya, wanda idan an tambaye shi da yamma zai ce Alhamdulillahi.

Gwaggo ta kammala gashinta a mako na goma sha ɗaya maimakon na takwas. Ranar ƙarshe ta sa aka soya mata gyaɗa ta kai wa ma'aikatan sashen, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko akwai inda ake rubuta cewa jinyarta ta zarce da mako uku. Ya nuna mini wani babban littafi mai baƙin bango a kan kabad, ya ce duk yana ciki, amma tun da ya fara aiki a wurin ba wanda ya taɓa zuwa daga ma'aikata ya ce a buɗe masa shi.